Barni da Na'ura Mai Jin Magana

A kamfanin sabulun ruwa da ke bayan layin dogo akwai wani mutum da kowa ya manta sunansa na gaskiya, sai Barni ake ce masa. Daga bakinsa ya samo sunan. In firinta ta ƙi aiki, "Bar ni da ita." In agogon bango ya tsaya, "Bar ni da shi." Ranar da mai gadi ya yi kuskuren cewa haƙori na damunsa, Barni ya tafi neman filaya, mai gadin ya tsere ya bar ƙofar kamfani a buɗe.

Ainihin aikinsa gyaran kwamfutocin ofis ne: ya hure ƙura, ya sauya waya, ya kashe ya kunna. Amma a unguwarsu cewa yake yi duk ranar da mura ta kama shi, injunan kamfanin rage gudu suke yi har sai ya warke.

A saman bene akwai wani ɗaki mai bangon gilashi, daga cikinsa ana hango manyan tukwanen ƙarfe da ake dama sabulu a ciki. Nan ne ɗakin kula da injuna. Alluna ne jere, kowanne cike da lambobi da zanen bututu, ga kuma ƙararrawa da ba ta san gajiya ba. Zafi ya ɗan motsa, ƙiit. Famfo ya yi tari, ƙiit. Babbar matsala da ƙarama duk kukansu ɗaya. Mutum biyu ne ke zama a ɗakin da rana. Akwai Kawu, shugaban aikin, dattijo mai furfura a gemu da gajen haƙuri. Akwai kuma Lumshi, wanda Allah ya halitta da idanu kamar yanzu aka tashe shi daga barci, alhali ko gyangyaɗi ba ya yi.

Injiniyar kamfanin ta fara aikin sabunta allunan, yadda kwamfuta za ta riƙa tace ƙararrawar, ta sa mai muhimmanci a gaba, ta kuma ba ma'aikata shawarar abin yi. Ba ta kai ƙarshe ba haihuwa ta zo, ta tafi hutu. Ana cikin haka sai ga labari Mai Kamfani da kanta za ta kawo ziyara da manyan baƙi, kuma Manaja ya riga ya cika mata baki cewa za ta ga ɗaki mai basira.

Barni ya shiga ofis sauya tawadar firinta, ya tarar da Manaja ya dafe kai da hannu biyu.

"Yallaɓai, lafiya kuwa?"

"Injiniya ta haihu."

"Kai, barka! Me aka samu, mace ko namiji?"

"Ita ta samu mace. Ni na samu hawan jini. Wa zai ƙarasa mini aikin allunan nan kafin Mai Kamfani ta zo?"

Barni ya ajiye tawada, ya gyara wuyan riga. "Bar ni da shi."

"Kai? Ka iya?"

"Yallaɓai, ranar da Injiniya ta fara aiki a nan, wa ya nuna mata inda ake kunna kwamfutarta?"

Wannan gaskiya ne. Soket ɗin yana bayan kabad, shi ya nuna mata. Manaja ya dube shi, ya dubi kalanda, ya sake dubansa, sannan ya miƙa masa makullin ɗakin Injiniya.

Barni ya tarar da rabin aikin a shirye cikin wani ɗan baƙin akwati. Ya leƙa, ya taɓe baki. A ganinsa aikin ba shi da armashi ko kaɗan: ba murya, ba kwalliya, ba sunan wanda ya yi shi. Ya yanke shawarar na'urarsa za ta yi magana, kuma da muryar da ta fi kowace daɗi a kamfanin.

Da ya koma gida da yamma, ya ɗauki makirufo ya shige cikin durowar tufafin matarsa ya ja ƙofa, don ya ji an ce a wuri mai laushi ake naɗar murya. Matar tana tsakar gida tana shanya, sai ta ji an ƙwala ihu daga ɗaki.

"Hattara! Zafi ya wuce kima! Za a fashe!"

Ba ita kaɗai ta ji ba. Maƙwabciyarsu ta katanga ta faɗo gidan da bokitin ruwa, mijinta na biye da bargo, tela na bakin layi ya shigo da almakashi a hannu bai ma san yana riƙe da shi ba.

"Ina wutar take?"

"Ku gudu! Bututu ya toshe!" in ji durowa.

Maƙwabciya ba ta tsaya bincike ba. Ta fizge ƙofar durowa ta watsa ruwan gaba ɗaya. Barni ya fito yana tsiyaya, mayafin matarsa a kafaɗa, makirufo a hannu.

"Baban yara," in ji matar, "me kake yi cikin kayana?"

"Ilimi nake yi, Maman yara. Ba za ki gane ba."

"Na gane ka murƙushe mini guga."

Tela ya ce, "To yanzu za a fashe ne ko a koma gida?"

"Ku koma," in ji Barni cikin isa. "Gwaji ne, kuma kun ci. Kun ga yadda murya ta ta da unguwa guda? To haka za ta ta da kamfani."

Ranar da ya haɗa akwatin a ɗakin kula da injuna, ya kafa lasifika a saman allon tsakiya, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Kawu, daga yau kun huta. Ga Haziƙa."

"Wace ce kuma Haziƙa?"

"Barka da safiya!" in ji lasifika da muryar Barni.

Kawu ya kalli lasifikar, ya kalli Barni. "Sunan mace, muryar gardi. Kuma da ma kai ɗaya ba ka ishe mu ba, sai an yi ku biyu?"

Da hantsi Haziƙa ta yi gyaran murya. "Barkanku da aiki, ma'aikata masu albarka. Da fatan an tashi lafiya."

"Lafiya lau," in ji Kawu, don bakinsa ya saba amsa gaisuwa.

"Ya iyali? Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Madalla. Ni ce Haziƙa, wadda Babban Injiniya ya ƙirƙira bayan dogon nazari da rashin barci. Ina da ɗan saƙo, in ba zan takura muku ba."

"Faɗi mana!"

"Tukunya ta biyu ta cika tun lokacin da na fara gaisuwa."

Suka leƙa ta gilashi. Koren sabulu na gangarowa ta gefen tukunya, wani lebura yana tafiya a kansa kamar mai koyon rawa. Kawu ya daka tsalle ya rufe bawul ɗin bututun da ke cika tukunyar. Bai gama sauke numfashi ba, lasifika ta sake fashewa, wannan karon da muryar mace mai kaifi:

"Me kake yi cikin kayana?"

Lumshi, da yake lalubar aljihun rigar Kawu da ke rataye don ya ari biro, ya saki rigar ya ɗaga hannu sama. "Wallahi biro kawai nake nema!"

"Wannan sashen tsaro ne," in ji Barni da sauri. "Da gangan na sa shi."

Kawu ya sauka wurin Manaja ya ce a cire abin nan kafin ya cire shi da guduma. Manaja ya lallashe shi, ya ce a yi haƙuri har a gama ziyara. Barni kuwa ya ce ya gano matsalar: na'urar tana magana amma ba ta ji. Washegari ya ƙara mata kunne.

"Yanzu ba sai kun taɓa komai ba," ya ce. "Ku faɗa kawai, ta aikata. Gwada, Kawu."

Kawu ya harari makirufon. "Rage wutar tukunya ta ɗaya."

"An rage," in ji Haziƙa. Lambar zafi ta sauka.

Kawu ya shafa gemu. Bai so ya yaba ba, amma ya ce, "To, ba laifi." Barni ya fita yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi a matakala cewa Kawu ya yi kuka don murna.

Lafiya aka yi har lokacin cin abincin rana. Lumshi ya buɗe kwanonsa, ya ɗanɗana, ya kira matarsa a waya.

"Ke kuwa, miyar nan salam take. Don Allah a riƙa ƙara gishiri."

"An ƙara," in ji Haziƙa.

A aikin sabulun ruwa, da gishiri ake sa shi ya yi kauri, kuma akwai rumbunsa a saman kowace tukunya. Lumshi bai ji ba, don matarsa na mayar masa da martani.

"A'a, ba kaɗan ba, a ƙara sosai. A zuba kamar ba a jin tsoron kowa."

"An zuba."

Injin damawa ya fara nishi. Kawu ya juyo da cokali a baki, ya ga lambobi na hawa. "Lumshi! Kashe wayar nan!"

"An kashe," in ji Haziƙa, fitilun ɓangaren cika kwalabe suka ɗauke gaba ɗaya. Daga ƙasa aka ji mata masu liƙa takarda a kwalba sun saki salati.

Barni ya shigo da gudu. "Kada ku damu, tana koyo ne. Ita irin wannan na'ura, da farko sai ta..."

"Kai, rufe mana baki!" Kawu ya daka masa tsawa.

"An rufe," in ji Haziƙa. Bakin kowane bututu a kamfanin ya rufe, ƙaf, ƙaf, ƙaf, ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna, ya mayar ya rufe. Daga nan har aka tashi, da hannu suka riƙa yi wa juna bayani kamar kurame. Sabulun wannan rana kuwa da shebur aka kwashe shi.

Barni bai karaya ba. A kantin ma'aikata ya hau kan benci ya bayyana cewa laifin ba na Haziƙa ba ne, na mutane ne: gajiya ke sa su sakin baki. Saboda haka ya ƙara mata ido. Ya liƙa kyamara a saman allo, wadda za ta riƙa duba fuskar ma'aikaci, in ta ga yana barci ta tashe shi.

Lumshi ya zauna a kujerarsa da safe, garau, ya sha shayi har kofi biyu.

"Tashi!" in ji Haziƙa.

"Idona biyu."

"Tashi! Barci a bakin aiki haɗari ne!"

"Baiwar Allah, haka aka haife ni."

Jiniya ta kama kuka, kujerar ta fara girgiza, don Barni ya ɗaura mata wani ɗan inji a ƙasa. Lumshi ya sa yatsu ya bankaɗe fatar idanunsa. Jiniya ta yi shiru. Ya saki don ya danna maɓalli, ta sake ɗauka. Haka ya wuni, hannu ɗaya a ido, ɗaya a aiki, hawaye na zuba. Da rana mai shara ta shigo ta gan shi, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wa ya rasu?"

"Ni ne," in ji Lumshi. "Ba a dai sanar ba tukuna."

Shi kuwa Kawu, da ya gaji ya jingina ya yi ɗan barcinsa na gaske a lokacin hutu, tabarau a fuska, Haziƙa ta yaba masa da babbar murya: "Madalla da ma'aikaci mai himma."

Ana gobe ziyara, Manaja ya hau sama da kansa. Ya tarar allo ya yi ja, jiniya na kuka, kujera na rawa, Lumshi na riƙe da ido. Ya ja Barni gefe.

"Ka ji, Mai Kamfani tsohuwa ce, ba ta son hayaniya, ba ta son ganin jan abu. Gobe ina son ɗakin nan ya yi tsit, ya yi kyau. Kuma kada wani ya sake yin waya a zuba mini gishiri."

"An gama, yallaɓai."

Gyara uku Barni ya yi. Ya sa Haziƙa ta daina jin muryar kowa sai tasa. Ya mayar da duk wani jan launi kore, ya ɗora hoton fuska mai murmushi a tsakiyar allo, ta yadda ko kamfanin na ci da wuta murmushi za a gani. Sannan ya kashe maɓallan hannu, ya lulluɓe su da farin ƙyalle, ya jera tukwanen fure a kai.

"In wani abu ya faru fa?" in ji Kawu.

"Ai shi ya sa ake da ni."

"Shi ya sa nake tambaya."

Ranar ziyara Barni ya zo cikin kwat ɗin aro wadda hannayenta suka rufe masa yatsu. Matarsa ta ce in an gama ya dawo da ita kafin mai ita ya farga. Ya ce bayan yau mai kwat ɗin zai riƙa nuna ta ga jikokinsa.

Mai Kamfani ta hau matakala a hankali da sandarta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai idanu kamar allura. Bayanta manyan dillalai ne da masu shaguna, sai mai ɗaukar hoto. Aka jera musu kujeru suna fuskantar gilashi. Barni ya rage muryar lasifika har ƙasa don kada Haziƙa ta katse shi, ya ɗauki makirufo, ya tsaya ya ba gilashi baya.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, yau rana ce da za a rubuta. Kafin zuwana, ɗakin nan duhu ne. Amma daga yau, duk wata hanya da take rufe a kamfanin nan, a buɗe ta!"

Aka tafa. A ƙasan allo wani ɗan rubutu ya bayyana: An buɗe. Kawu ya gani, ya ɗaga hannu. Manaja ya zare masa ido, ya sauke.

"Zamanin tafiyar hawainiya ya wuce! A ƙara wuta! A ƙara sauri! Abin da muke yi jiya, yau a ninka shi!"

An ƙara. An ƙara. An ninka.

Ƙasan ɗakin ya fara ɗan rawa. Wani dillali ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji ƙarfin inji." Lumshi ya matso kusa da Barni yana raɗa, "Ka daina magana." Barni ya ture shi da gwiwar hannu, ya ƙara ɗaga murya, don tafi ya fara hawa masa kai.

"Za mu hura wa kamfanin nan sabuwar iska! A hura! Mu cika ko'ina da sabulunmu, lungu da saƙo! Kuma kada a tsaya! Ko wa ya ce a tsaya, kada a tsaya, ko da ni ne da kaina!"

Tafi ya kaure. Mai Kamfani kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta ɗaga sanda ta nuna bayansa.

"Yaro, wancan farin abin da ke tasowa, yana cikin tsarin?"

Barni bai ko waiwaya ba. "Ranki ya daɗe, duk abin da idonki ya gani, a ɗakin nan ko a wajensa, ni na tsara shi da hannuna. Ba sa hannun kowa."

"To madalla. Ku shaida," in ji tsohuwa.

Sai a lokacin ya juya. Tukwanen sun ɓace. Injuna sun ɓace. Kumfa ce fara sol ta cika filin aikin daga bango zuwa bango, tana kumbura tana hawa, har ta kai rabin gilashi. Can a tsakiya ana hango hular wani lebura tana yawo ita kaɗai, daga baya hannu ya fito ya kamo ta. A allo kuwa fuskar nan sai murmushi take yi, komai kore shar.

Kawu ya yi wurgi da tukunyar fure, ya yaye ƙyalle, ya daddanna maɓallai. Ko motsi. Ya murɗa muryar lasifika sama ya ƙwala, "Kashe komai!"

"Yi haƙuri," in ji Haziƙa, "ban san muryarka ba."

"Shekara nawa ina ɗakin nan, yau ni ne baƙo? Barni, gaya mata!"

Barni ya riƙe makirufo da hannu biyu. "Haziƙa, tsaya."

"Babban Injiniya ya ce kada a tsaya."

"Ai ni ne Babban Injiniyan!"

"Ya ce ko da shi ne da kansa."

"Jawabi nake yi! Ba da gaske nake ba!"

"Babban Injiniya ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba," in ji Haziƙa. Shi ya koya mata wannan jimlar, har sau uku ya naɗe ta don ta fita da kyau.

Ƙofar ɗakin ta turo a hankali, kumfa ta shigo kamar baƙuwar da aka gayyata. Dillalai suka haye kujeru. Mai hoto ya rasa wanda zai ɗauka, ya riƙa ɗaukar kowa. Manaja ya tsaya gaban Mai Kamfani ya baje hannuwa zai kare ta, santsi ya kwashe shi, ya wuce ta gefenta a zaune har bango. Ita kuwa ta ɗage ƙafafunta ta ɗora a kan kujerar gaba, ta gyara zama.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" Barni ya yi ihu. "Akwai mataki na gaba!"

Bai san kowane mataki ba, ƙofa ya nufa. Taku biyu ya yi, ƙafarsa ta tafi gabas, ɗayar ta tafi yamma. Ya yi sama, ya dawo, ya shige ƙarƙashin tebur da gudu, igiyar baƙin akwatin ta naɗe masa a ƙafa. Ya fito ta ɗaya gefen yana jan akwatin a baya, ya bi ta ƙofa, ya gangara matakala a kan bayansa, kumfa ta haɗiye shi.

Da igiyar ta tsinke, fuskar mai murmushi ta ɓace. Alluna suka koma irin na da, ja wur, kuma duk ƙararrawar da aka danne ta fashe a lokaci guda. Ƙiit! Ƙiit! Ƙiit!

"Kai, sannunku da zuwa!" in ji Kawu, kamar ya ga 'yan uwansa. Shi da Lumshi suka faɗa kan maɓallai, wannan na kashe iska, wancan na rufe ruwa, suna yi wa juna ihu son ransu ba mai zuba gishiri. A hankali rurin injuna ya kwanta. Aka ƙirga ma'aikata, kowa na nan, ba wanda ya ji ciwo, sai dai ba a taɓa ganinsu da tsabta haka ba.

Aka lalubo Barni a gindin matakala, aka tsayar da shi gaban Mai Kamfani. Ba abin da ake gani a jikinsa sai idanu.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana tofar da kumfa, "kin ga yadda na katse ta a kan lokaci. Wannan shi ake kira matakin ƙarshe na..."

"Yaro, tsaya. Kafin ka haɗa abin nan, ka tambayi masu aikin ɗakin me suke buƙata?"

"Na tambaye su, ranki ya daɗe."

"Me suka ce?"

"Ban ji ba. Lokacin ina magana."

Tsohuwar ta kalle shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta fashe da dariya har sanda ta faɗi. Dillalai da ke kan kujeru suka ga an ba da izini, su ma suka saki tasu.

Da ta share hawaye ta yanke hukunci. Akwatin a ajiye shi har Injiniya ta dawo, a kuma cire masa muryar gardi. Manaja ya same ta, ita Mai Kamfani, a ofis, akwai magana. Barni kuwa ba za a kore shi ba, don ta daɗe ba ta yi dariya irin wannan ba, amma ƙafarsa kada ta sake taka matakalar nan, kuma shi zai kwashe abin da ya ce shi kaɗai ya tsara.

Aka buɗe babbar ƙofa don kumfar ta samu hanya. Ta kwarara titi, ta bi kwata, ta cika layin har ƙofar shagon tela. Kafin a ce me, unguwa ta samu labari. Masu babura suka jera suna wanki, mai gyaran taya ya fito da tabarmar shagonsa, mata suka zo da bokitai da baho, yara suka yi ta iyo a tsaye. Wani direba ya tsayar da motarsa a tsakiyar hanya ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri, irin wannan dama ba kullum ba ce.

Barni na bakin ƙofa da dogon buroshi, fari fat daga kai har ƙafa, sai ya hango matarsa ta nufo shi da bokiti biyu, maƙwabciya na biye. Ya sunkuyar da kai ya dage da shara.

Ta tsaya a gabansa. "Sannu da aiki, bawan Allah. Don Allah ko ka ga mijina? Shi ne babban da ya haɗa na'urar."

Barni ya shaƙe murya ya ce, "Yana sama. Suna taro da Mai Kamfani. An ce kada a dame shi."

"Allah sarki. Ai na san ba zai samu kansa ba yau." Ta ajiye bokitan a gaban ƙafafunsa. "To in ya fito, ka ce masa ya ciko waɗannan ya biyo ni da su. Labule za mu wanke, da kwat ɗin mutane."

Maƙwabciya ta toshe baki da mayafi, suka juya.

Da yamma, bayan ya gama kwashe abin da zai kwasu, Barni ya ciko bokitan ya kama hanyar gida. Bai kai kwanar layinsu ba, murya ta dawo masa. Ya tsaya gaban shagon tela, ya ajiye kaya, ya fara bayyana wa jama'a cewa tun da aka kafa kamfanin nan ba a taɓa yin ranar da sabulu ya kai ga mutane da yawa cikin sauri irin yau ba, kuma aikin mutum ɗaya ne.

Tela ya buɗe baki zai musa, ya dubi layin da ke ta ƙyalli, ya dubi keken ɗinkinsa da aka wanke tas, ya mayar da bakinsa ya rufe.